Wai da gaske tumatirin Jos ya fi na Kano antiyoksidan, ko dai dabarar talla ce?

Ɗan_Lamingo:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin noma ko na abinci a cikinku ku taimaka min, wata magana ce ta kwana biyu tana cin raina. Ni lambu nake yi a gefen Lamingo a nan Jos, tumatir da tattasai da ɗan kabeji, a wajen Baba na gaji sana'ar. To akwai wata Hajiya da take ɗaukar kaya a hannuna tana kaiwa Abuja, duk Alhamis motarta na zuwa, satin da ya wuce sai take ce min wai kwastomominta na Maitama da Wuse kayan Jos suke nema musamman saboda wai sun fi antiyoksidan, har ta sa an buga mata hakan a jikin leda. Sannan ta ce in zan rage takin zamani za ta ƙara min kuɗi a kan kowane kwando, wai takin yana kashe sinadarin.

Ni wallahi ban ma san mene ne abin ba, na tambayi Baba ya ce shi dai abin da ya sani tumatir mai kyau shi ne wanda ya yi ja kuma ya isa kasuwa bai fashe ba. Shin ƙasarmu ce take sa haka ko sanyi ne ko iri ne? Kuma in na rage yuriya amfani ya ragu wa zai biya ni asarar? Kar in je in biye wa 'yan Abuja in tashi a tutar babu.

Malam_Kuru:

Wa alaikumus salam ƙanena. Amsar Baba ba ta da nisa da gaskiya fa, jan nan da ya ce shi ne rabin maganar.

Antiyoksidan ba abu ɗaya ba ne, suna ne da ya tattara sinadarai da yawa. Ka taɓa yanka gauta ko dankalin turawa ka ajiye ka ga wurin ya yi duhu? Iska ce ta taɓa shi, kamar yadda take sa ƙarfe tsatsa. In ka matsa lemon tsami a wurin ba zai yi duhun da wuri ba, saboda bitamin C ɗin da ke ciki ya tare. To duk sinadarin da yake irin wannan tarewar shi ake kira antiyoksidan. Kuma shuka ba don mu take yin su ba, don kanta take yi, ta kare kanta daga zafin rana da sanyi da ƙwari, wani kuma don ta jawo tsuntsu ya ci ɗan ya yaɗa mata iri.

Na tumatir sunansa laikofin, shi ne ainihin jan da kake gani. Abin da yake da shi shi ne ba ya haɗuwa a jikin ɗan in zafi ya yi yawa. In zafi yana tsakanin digiri 20 zuwa 25 tumatir yana nuna da kyau ya yi ja wur, amma da zarar jikin ɗan ya haura wajen digiri 30 zuwa 32 sai ya daina haɗa laikofin, shi ya sa wanda rana ta doka kai tsaye za ka ga kafaɗarsa ta yi ruwan ɗorawa ta ƙi yin ja ko ya kwana nawa. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, Kano ba ta kai 500 ba, saboda haka a watan Maris da Afrilu lokacin da Kano take taɓa digiri 40 mu nan muna da sauƙi sosai, to a wannan lokacin kam maganar Hajiya tana da ƙamshin gaskiya.

Amma fa a yi adalci. Tumatirin Kadawa da Kura a jihar Kano yawancinsa cikin hunturu yake nuna, Disamba zuwa Fabrairu, ga sanyi ga rana tarwai, wannan babu abin da namu zai nuna masa. Kuma ka je kasuwar Farin Gada ta Jos a watan Agusta ka ɗauki namu na damina, lokacin da ake kwana uku ba a ga rana ba, duk ruwa ne a cikinsa, ka markaɗa ka ga ya yi fari-fari. Hasken rana ne yake ƙara bitamin C a ɗan itace, in hadari ya rufe sama sai ya ragu. Ka ga kenan ba sunan garin ba ne, wata ne da yanayin da ya nuna a ciki.

Kuma kafin duk wannan akwai iri. Irin UTC da Roma da aka fitar don kamfanonin tumatirin gwangwani suna da tsoka da ja sosai, ba za ka haɗa su da mai ruwa-ruwan nan ba ko a fangali ɗaya ka dasa su. Akwai tumatir rawaya da ake sayar wa masu otal, shi kusan ba shi da laikofin kwata-kwata, ka kai shi kan dutsen Shere ka shuka ba zai yi ja ba. Yanayi yana ƙarawa ko ya rage ne a kan abin da irin ya zo da shi.

Maman_Ilham:

Malam Allah ya ƙara basira, yau na gane dalilin da ya sa miyata take ƙin yin ja da damina ina ta zagin mai markaɗe ashe bawan Allah ba laifinsa lol.

Ni zoɓo nake yi na sayarwa a Bukuru shekara wajen takwas, kuma tun kafin in ji wata kalma wai antiyoksidan na san zoɓo kala-kala ne, akwai mai duhu sosai kamar baƙi wanda kofi ɗaya zai rina miki bokiti, akwai ja mai haske da ya fi tsami, akwai kuma fari da ake miya da shi. To Malam shi ma haka abin yake kenan, mai duhun ya fi? Don ni shi nake saya ko ya fi tsada saboda ya fi auki. Sannan na lura in ya kwana biyu a buhu har wata shida bakwai, musamman in wurin da zafi, launin yana komawa ruwan ƙasa, ko kin zuba da yawa ba ya bada kala.

Kai kuma Ɗan_Lamingo in Hajiya ta ce za ta ƙara kuɗi ka karɓa mana, kai ka ce mata ta buga a leda? Amma ka sa ta faɗi nawa ne ƙarin tukuna, mutanen Abuja akwai daɗin baki.

Malam_Kuru:

Hajiya Maman Ilham kin riga kin yi binciken da kanki ai. Launin zoɓo sunansa antosayanin, shi ne dai a jar albasa da jan kabeji da sitiroberin da ake nomawa a Chaha wajen Vom. Mai duhun ya fi shi yawa, farin zoɓo kuwa kusan babu, sai dai tsamin. Komawarsa ruwan ƙasa a buhu kuma lalacewar sinadarin ce kike gani da idonki, zafi da haske da daɗewa suna cinye shi. Shi wannan antosayanin yana son rana da rana, sanyi da dare, shi ya sa sitiroberin hunturu yake fin ja da zaƙi, kuma latas mai jan baki yake ƙara rinewa in sanyi ya sauko.

Tunda ke mai girki ce bari in ƙara miki ɗaya. Albasa tana da wani da ake kira kwasetin, ja da ruwan ƙasa sun fi fara nesa ba kusa ba, kuma ya fi taruwa a ɓawon waje-waje. Masu ɓare albasa su zubar da riga biyu uku don ta yi kyau a ido, mafi amfanin suke zubarwa a bola.

Abban_Garki:

Ni a Abuja nake, kemis nake aiki, kuma ina ganin ledojin nan a sufamaket kullum. Ba na musun abin da Malam ya faɗa, ilimi ne, amma bari in zuba ɗan ruwan sanyi a maganar don kar a ɗauka an samo maganin mutuwa.

Kalmar nan 'yan kasuwa sun riga sun mayar da ita jari. Akwai wani ma'auni da ake kira ORAC da ake auna ƙarfin antiyoksidan na abinci a cikin kwalbar gwaji, ma'aikatar noma ta Amurka har jadawali ta fitar a intanet, amma a 2012 da kanta ta sauke shi saboda kamfanoni suna talla da shi alhali abin da ya faru a kwalba ba shi ne yake faruwa a jikin mutum ba. Sannan a Finlan an yi gwaji da maza masu shan taba kimanin 29,000, aka ba wasu ƙwayar bita-karotin, wato sinadarin da ke cikin karas, ana sa ran za ta kare su daga kansar huhu. Da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga waɗanda suka sha ƙwayar sun fi kamuwa da kashi 18 cikin ɗari. Ba karas ne ya yi musu illa ba fa, ƙwaya ce da aka tattara sinadari ɗaya aka dunga ɗura musu.

Abin da aka tabbatar shi ne masu cin ganye da 'ya'yan itace da yawa sun fi lafiya. Amma a ce tumatirin gari kaza zai hana ka ciwo na gari kaza ba zai hana ba, wannan kam ban yarda ba. Matar da za ta biya ninki biyu a Maitama don an rubuta Jos a leda, da gwaiba ta saya a bakin titi da ta fi riba, gwaiba tana da bitamin C sama da miligiram 200 a giram 100, lemon zaƙi wajen 50, tumatir bai kai 20 ba. Amma wa zai sa gwaiba a leda mai tambari, ai ta talakawa ce.

Kuma abin da ya fi ba ni dariya, a sayi kayan da tsada a zo a bar su a but ɗin mota cikin ranar Abuja, a kai gida a tafasa alayyahu a zubar da ruwan. Bitamin C a ruwa yake narkewa, wuta kuma tana kashe shi. To me ya rage?

Maman_Ilham:

Abban Garki ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Amma to tumatir fa da muke soyawa har sai mai ya taso sama, shi ma mun kashe komai kenan? Don wallahi ba zan iya ba maigida ɗanyar miya ba a kan wani sinadari.

Abban_Garki:

A'a Hajiya ci gaba da suyarki. Bitamin C ɗin ne zai ragu, amma laikofin jiki ya fi iya ɗaukarsa in an dafa tumatir da mai, saboda a mai yake narkewa ba a ruwa ba. Haka karas ma. Inda ake ɓarna shi ne manja, a ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari, jan nan da ya gudu karotin ne kika ƙona.

Manomin_Bokkos:

Ni duk bayanin nan na ji amma ba a amsa wa yaron nan tambayarsa ta taki ba, kuma ita ce mai kuɗi a ciki. Ɗana kar ka yarda wani ya zauna a ofis ya ce maka ka daina zuba taki. Ƙasar Filato ta gaji, wani wurin ma tsohon ramin kuza ne aka cike, in ba ka ba ta ba ba za ta ba ka ba. Ni dankalin turawa nake yi shekara sama da 20, Nicola da Marabel, na taɓa gwada rabin gona da kashin kaji zalla wata shekara da taki ya yi tsada, abin da na haƙa bai kai na ɗaya rabin ba, kuma dillali da ya zo bai tambaye ni wani sinadari ba girman dankali ya duba ya yi farashi.

Amma tunda ana maganar launi Malam ina da tambaya. Dankalin da ƙasa ta zame a kansa rana ta taɓa shi yana yin kore, yarana suna warewa su ce na gida ne. Shi ma koren nan antiyoksidan ne? In haka ne ashe mu muke cin mai kyaun muna sayar da saura.

Malam_Kuru:

Subhanallah Baba, a'a, don Allah a daina ba yara wannan. Koren kansa ba komai ba ne, irin na ganye ne, amma alama ce cewa wurin ya tara solanin, shi kuma guba ne, yana sa ɗaci da ciwon ciki da amai, kuma dafuwa ba ta kashe shi. In kaɗan ne a fere da zurfi a cire har da idon da ya tsiro, in ya yi yawa ko ana jin ɗaci a zubar. Ba kowace kariya da shuka ta yi wa kanta ce take mana amfani ba. Launin da ake so a dankali na ciki ne, mai rawayan ciki kamar Nicola ɗinka ya fi wanda cikinsa fari ne sinadaran dangin karotin.

Ko dawa ma haka take. Jar dawar nan mai bauri da tsuntsu ba ya so, tanin ne a cikinta, in aka auna a kwalba antiyoksidan ɗinta ya fi na farfara sosai, amma shi tanin ɗin yana riƙe sinadarin ƙarfe ya hana jiki ɗauka, ga mai ciki ko yaro mai ƙarancin jini ba abin murna ba ne. Shi ya sa nake tare da Abban Garki a kan cewa lamba mai yawa ba ita ce lafiya ba.

To maganar taki. Baba na Bokkos yana da gaskiya, Hajiyar Abuja ma tana da guntun gaskiya, inda suka saɓa shi ne ita ta ɗauka takin zamani guba ne. Ba haka ba ne. Abin da aka sani shi ne in naitirojin ya yi yawa, wato ka danna yuriya ba ƙaƙƙautawa, shuka sai ta tafi ganye, ta yi duhu ta rufe 'ya'yan, su yi girma su cika da ruwa, bitamin C da sauran sinadaran su tsinke kamar an ƙara wa shayi ruwa. Kuma irin wannan tumatir shi ne mai saurin ruɓewa a hanya. Amma in ka hana shi abinci gaba ɗaya ganye ya kakkaɓe rana ta doki 'ya'yan kai tsaye ka samu nunan rana, ka yi asara biyu kenan, ba auki ba ja. Ko kashin kaji ne ka jibga da yawa naitirojin ɗin ne dai, shuka ba ta san daga buhu ya fito ko daga keji ba.

Su kansu masana ba su gama daidaitawa ba a kan noman da ba takin zamani. A 2012 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka tattara nazarce-nazarce suka ce bambancin gina jiki ba wani mai yawa ba ne, a 2014 kuma na jami'ar Newcastle a Ingila suka tattara guda 343 suka ce antiyoksidan ya fi yawa a wanda ba a sa wa takin zamani ba. Ni dai abin da na gani a gona, bambancin da ke tsakanin iri da iri ya fi wanda ke tsakanin taki da taki girma. Dubi dankalin Hausa mai ruwan lemo a ciki da cibiyar binciken noma ta Umudike a jihar Abiya ta fitar, wanda ake kira King J da Mother's Delight, ko rogo mai rawaya da aka fitar a 2011, a gona ɗaya da taki ɗaya za ka shuka su da farare amma karotin ɗinsu ba a ma haɗawa.

Saboda haka Ɗan_Lamingo ni ba zan ce ka rage taki daga farko ba. Ka sa kamfa da takin gargajiya wajen dashe yadda ka saba, yuriyar ce za ka janye hannu da ita in fure ya kama 'ya'ya sun fara girma. Ruwa ma haka, in sun fara nuna ka ɗan rage ban ruwa, ɗan ƙishin nan yana sa ja da ɗanɗano su taru, amma a hankali fa, in ka bar shi ya bushe ƙaƙas sannan ka kwararo ruwa zai tsattsage ko gindin ɗan ya yi baƙi. Matsalarka ta gaske ma tsinka ce, ka san don tafiyar Abuja kuna cire shi yana ɗan fari-fari. Zai ƙarasa ja a hanya in bai sha zafi ba, amma kwando a saman mota da tsakar rana daga nan har Akwanga da Keffi, ai ka koma maganar digiri 30 ɗin nan da muka fara da ita. Ka ce wa Hajiya motarta ta dinga tashi da asuba ko da daddare.

Manomin_Bokkos:

To Malam na ji, koren dankali an daina daga yau. Amma maganar rage yuriya sai na gani a gonar wani tukuna.

Ɗan_Lamingo:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Malam Allah ya ƙara ilimi. Na karanta wa Baba duka, da na zo wurin kafaɗar tumatir mai ruwan ɗorawa sai ya ce ai shi ya sa tun da can yake hana mu fige ganyen sama, ashe ya san abin sunan ne bai sani ba.

Abin da zan yi, dashen da ke tafe zan ware fangali huɗu na bakin rafi in yi musu yadda Malam ya ce, sauran in bar su yadda muka saba, in ƙirga kwandunan kowanne daban, Baba na Bokkos sai ka zo ka gani da idonka. Na kira Hajiya ɗazu na tambaye ta nawa ne ƙarin kamar yadda Maman Ilham ta ce, ta ce wai sai ta yi lissafi za ta kira ni. Maganar tashin mota da asuba kuma ta ce direbanta ba ya son hanyar Riyom da duhu, to wannan ban san yadda za a yi ba.

Malam in ba damuwa, irin UTC na gwangwani da ake sayarwa a shagunan Farin Gada ya ake gane na gaske? Don bara wanda na saya rabinsa wani abu daban ya fito.